Me Ya Sa Ake Farautar Kwak Masu Nauyi Idan An Gwara Dalma da Dalma?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne a aji uku na jami'a. Na ji cewa a CERN, babban wurin binciken fiziks na ƙasashen Turai, ana gwara cibiyoyin atom na dalma, ƙwayoyi dubbai su tarwatse, amma masu bincike sun fi sa ido a kan 'yan ƙalilan da ake kira kwak masu nauyi. Me ya bambanta su da sauran? Kuma yaya ake gane su, alhali an ce ba a taɓa ganin kwak shi kaɗai ba?

Amsa:

Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ta fi ta farko wuya, amma ba a isa gare ta sai an bi ta kan ta farkon. A taƙaice, kwak mai nauyi shaidar gani da ido ne. Yana wurin tun kafin abin ya kankama, ya ratsa ta cikinsa daga fari har ƙarshe, ya fito da tabo a jika. Sauran ƙwayoyin kuwa, mafi yawansu ana dab da tashi daga taro aka haife su, don haka labarin watsewa kawai suke iya ba ka.

Bari mu fara da abin da ake nema a wannan gwaji. Furoton da niyutiron, waɗanda su ne suka haɗu suka yi cibiyar atom, kowannensu kwak uku ne a ɗaure, kuma guluwon ne igiyar ɗaurin. Wannan ɗauri yana da hali na dabam. In ka ja kwak biyu don ka raba su, ƙarfin da ke tsakaninsu ba ya raguwa da nisa kamar na maganaɗisu. Kamar danƙo yake: ka yi ta ja har ya tsinke, a wurin da ya tsinke kuma sai sabon kwak da kishiyarsa, wato antikwak, su fito, ka tashi da guntaye biyu kowanne da bakinsa biyu. Shi ya sa ba a kama kwak shi kaɗai. Sai dai lissafin manyan kwamfutoci ya nuna cewa idan zafi ya kai kimanin MeV 155 (MeV ma'aunin kuzari ne, da shi kuma ake faɗin zafi da nauyin ƙwayoyi a wannan fanni), wato wajen digiri tiriliyan biyu, sama da ninki dubu ɗari na zafin tsakiyar rana, furoton da niyutiron narkewa suke yi, kwak da guluwon su riƙa yawo a sake cikin abu guda. Shi ne filasmar kwak da guluwon. A haka duniya take a cikin 'yan maikurosakan na farko bayan fara faɗaɗarta.

Wurare biyu ne suka yi fice wajen dafa wannan abu. Akwai injin gwara ƙwayoyi na RHIC a Brookhaven ta jihar New York a Amurka, wanda ya fara aiki a 2000, inda aka riƙa gwara cibiyoyin zinariya da kuzarin GeV 200 (GeV ɗaya MeV dubu ne) ga kowane furoton ko niyutiron biyu da suka yi karo. Akwai kuma injin LHC a CERN, zobe mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa a kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda aka fara gwara dalma a Nuwamban 2010 da TeV 2.76 (TeV ɗaya GeV dubu ne), aka ɗaga zuwa 5.02 a 2015, sannan 5.36 a 2023. Cibiyar dalmar da ake amfani da ita tana da furoton 82 da niyutiron 126. In biyu suka haɗu goshi da goshi, ƙwayoyi masu caji wajen dubu ashirin ne ke fitowa.

Matsalar ita ce filasmar ba ta daɗewa. Tsawon ranta bai wuce lokacin da haske zai ɗauka ya tsallake cibiyar dalma guda ɗaya ba, wato ka raba sakan ɗaya gida 1 mai sifili 23 a bayansa, ka ɗauki kamar uku. Girmanta kuma femtomita 'yan kaɗan ne, femtomita ɗaya kuwa kwatankwacin girman furoton ne. Ba ma'aunin zafi da za ka tsoma ciki, ba fitila da za ka haska mata daga waje. Dole abin awon ya fito daga cikin karon kansa.

Nan ne nauyi ya shigo. Kwak iri shida ne. Uku marasa nauyi: af mai kimanin MeV 2, dawun mai kimanin MeV 5, da sitirenj mai kusan MeV 95. Uku kuma masu nauyi: cam mai GeV 1.3, botom mai GeV 4.2, wanda wasu ke kira biyuti, da tof mai GeV 173. Ka kwatanta da furoton, wanda gaba ɗayansa MeV 938 ne. Cam shi kaɗai ya fi furoton nauyi. Shi tof a ajiye shi gefe, domin ya cika gaggawa, yana rubewa tun kafin ya ɗaure da kowa, tun ma kafin filasmar ta gama haɗuwa. Idan ka ji masu wannan fanni suna cewa kwak masu nauyi, cam da botom suke nufi.

Tagwaye ake haifarsu, cam da antikam tare, don haka sai an tara aƙalla GeV 2.6 a wuri guda kafin su fito. Hasken da filasmar LHC ke fitarwa ya nuna zafi na kimanin MeV 300. Ka ga kenan aljihunta bai kai ta sayi tagwayen cam ba, balle na botom. Inda ake samun irin wannan kuzari shi ne dukan farko, lokacin da guluwon na wannan cibiya ya ci karo da na waccan da cikakken gudu, kafin komai ya lafa ya zama zafi. Haihuwar cam tana ɗaukar kamar kashi ɗaya cikin ɗari na rayuwar filasmar, ta botom ma ba ta kai haka ba. Sai filasmar ta taso ta tarar da su. Kashe su ma ba ta iyawa, domin ƙarfin da ke ɗaure kwak ba ya sauya masa iri. Rubewar cam aikin rarraunan ƙarfi ne, shi kuwa yana ɗaukar lokacin da ya ninka rayuwar filasmar sau biliyan goma. Adadin da ya shiga shi ne adadin da zai fita. Abin da ke sauyawa shi ne gudunsu, da inda suka nufa, da wanda suka ɗaure da shi a ƙarshe.

Akwai wata riba ta uku da masu lissafi ke ji da ita. Saboda nauyinsu ya zarce MeV 200 nesa ba kusa ba, wato ma'aunin da a ƙasansa lissafin ƙarfin ɗaurin kwak ke gagara, ana iya lissafa yawan haihuwarsu da alƙalami, a kuma gwada da karon furoton da furoton, inda ba a sa ran wata babbar filasma. Ka san abin da ka aika, ka ga abin da ya dawo.

To yaya ake ganinsu? Gaskiya ba a ganinsu. Idan filasmar ta huce, cam yana ɗaurewa da wani antikwak mara nauyi ya zama ƙwayar da ake kira meson D. Ɗauki D0, mai nauyin GeV 1.865. Takan yi tafiyar kimanin maikuromita 120, kaurin gashin kai ko fiye kaɗan, sannan ta rube. Sau huɗu cikin ɗari takan rube zuwa ƙwayoyi biyu kacal, kayon da fayon, kuma su ne na'ura ke gani. Sai mai bincike ya ɗauki kowane kayon ya haɗa da kowane fayon mai kishiyar caji, ya lissafa nauyin uwar da za ta iya haifar su. Amma ka tuna a karo guda akwai dubban fayon da kayon da ba ruwansu da cam. Haɗe-haɗen bogi sun ninka na gaske sau dubbai. Allura ce cikin ruwa, kuma a nan rabo ba ya isa, sai da dabara.

Dabarar ita ce wannan ɗan kaurin gashi. Ƙwayoyin da aka haifa a wurin karo duk daga ɗigo guda sawunsu ke tasowa. 'Ya'yan D0 kuwa sawunsu yana haɗuwa ne a ɗan gefe. Shi ya sa ake kewaye bututun da karon ke faruwa a ciki da faifan silikon masu siririn gani, don a bi sawu baya a ga inda ya fito. A na'urar ALICE, wadda aka gina musamman don karon dalma, mai nauyin tan dubu goma, bayan silikon akwai wata ganga mai iskar gas, tsawonta mita 5 faɗinta mita 5, da ke auna lanƙwasar kowane sawu a cikin maganaɗisu, sannan wata na'urar da ke auna lokacin isowar ƙwaya don a bambance kayon da fayon. Bayan an tace, sai a zana nauyin duk haɗe-haɗen da suka rage, a ga wani ɗan tudu ya taso daidai kan 1.865. Girman tudun nan shi ne ƙidayar D0. Mesonin B, masu ɗauke da botom, sun fi nisan tafiya, kusan rabin milimita, don haka idan aka ga D ko J/psi, wata ƙwayar mai cam da za mu zo kanta, da ta fito can nesa da wurin karo, an san jikar botom ce.

A shekarun farko na RHIC ba a da irin wannan silikon. Abin da aka yi shi ne ƙirga ilektiron da ke fitowa daga rubewar cam da botom a gauraye, bayan an cire na sauran hanyoyi. Aiki ne mai wahala kuma mai hazo, amma daga nan mamaki na farko ya fito.

Kafin in faɗa maka mamakin, ga ma'aunin da za ka riƙa gani a kowane zane, ana rubuta shi RAA. A karon dalma na goshi da goshi, furoton da niyutiron na ɓangarorin biyu suna dukan juna sama da sau 1,500. In da filasma ba ta yin komai, yawan D a karon dalma zai zama na karon furoton da furoton sau wannan adadi. Sai a raba abin da aka gani da abin da aka zata. In ya ba da 1, ba abin da ya faru. In ya gaza 1 a wajen masu gudu sosai, to an rage musu gudu a hanya, sun koma sahun masu tafiya a hankali.

Abin da aka zata shi ne kwak masu nauyi za su ratsa kusan salin alin. Dalili kuwa mai ƙarfi ne. Kwak mai gudu a cikin filasma yana zubar da kuzari ta hanyar fesar da guluwon, kuma a 2001 Dokshitzer da Kharzeev sun nuna cewa mai nauyi ba ya iya fesawa kai tsaye gabansa. Akwai wani mazurari a gabansa da fesawar ke mutuwa a ciki, faɗinsa kuma nauyin kwak ɗin ne a raba da kuzarinsa. Nauyi ya ƙaru, mataccen mazurarin ya buɗe, asara ta ragu. Sai ga sakamakon PHENIX da STAR, na'urori biyu na RHIC, a 2006 da 2007: ilektiron na kwak masu nauyi sun ragu kusan kamar yadda fayon suka ragu. Wannan ya sa aka koma aka ɗauko wata hanyar asara da aka raina a da, wato gogayya da bangaza, kwak yana cin karo da mazauna filasmar ɗaya bayan ɗaya kamar mai ratsa kasuwa ranar jajiberin Sallah. Da LHC ya zo aka ga D ɗin kanta, ALICE ta auna raguwar da ta kai ninki biyar ga masu ƙarfin gudu na GeV 6 zuwa 10 a karon goshi da goshi. Amma mazurarin ba ƙarya ba ne. CMS, wata na'urar ta LHC, da ALICE duka sun ga cewa jikokin botom ba su ragu kamar D ba, kuma a 2022 ALICE ta nuna mazurarin cam ƙarara a karon furoton da furoton. Dalilin da ya sa D da fayon suka yi kama da juna ya haɗa da wasu abubuwa, irin su bambancin yadda gudunsu ya rarrabu tun farko da yadda kowanne ke rikiɗewa ya zama ƙwaya, waɗanda suka taru suka rufe bambancin.

A ganina abin da ya fi wannan daɗi yana wajen masu tafiya a hankali. Yawancin karo ba goshi da goshi ba ne, gefe da gefe ne, don haka inda cibiyoyin biyu suka haɗu yana da siffar ƙwallon dabino. Matsin da ke cikinsa ya fi tura abu ta gajeren ɓangare, sai ƙwayoyi su fi fita ta nan. Wannan kwarara ce ta sa a 2005 gwaje-gwajen RHIC huɗu suka bayyana cewa filasmar ba iska ba ce kamar yadda aka zata, ruwa ce, mai sauƙin malala fiye da duk wani ruwa da aka sani. To shi cam ba a haife shi da sanin wannan siffa ba. Dukan farko yana watsa shi ko'ina daidai wa daida. In har aka ga D ta fi fita ta gajeren ɓangare, ruwan ne ya ja ta. Kuma an gani, ALICE a 2013, STAR ma a 2017 bayan ta sa nata silikon. Ambaliyar da ta kwashi kara da ganye ba abin labari ba ce, amma in ka ga ta tafi da turmi, ka san ruwa ya yi ƙarfi. Lissafin da ake yi a nan ɗan'uwan wanda Einstein ya yi ne a 1905 kan rawar da ƙananan ɓarɓashi ke yi a cikin ruwa: abu mai nauyi yana shan ƙananan bugu barkatai daga marasa nauyi, daga yadda yake gantali kuma a gane halin ruwan. Abin da ya fito shi ne cam yana buƙatar lokaci kwatankwacin rayuwar filasmar, ko ƙasa da haka, kafin ya saje da ita. Botom ya ninka shi nauyi sau uku, jan sa zai ɗauki lokaci kamar ninki uku, saboda haka ba a sa ran ya saje gaba ɗaya.

Sai labarin J/psi, wanda ya girmi duk waɗannan. Ita cam ce da antikam a ɗaure, nauyinta GeV 3.1, kuma gano ta da Samuel Ting da Burton Richter suka yi a Nuwamban 1974, kowanne a nasa wurin, shi ya tabbatar wa duniya akwai cam. Tana da sauƙin gani saboda wajen kashi shida cikin ɗari takan rube zuwa miyuwon biyu, wato 'yan'uwan ilektiron masu nauyi, su kuwa suna ratsa ƙarfe su fito su kaɗai. A 1986 Matsui da Satz suka ce in filasma ta samu, cunkoson da ke cikinta zai shiga tsakanin tagwayen har su daina jin juna, J/psi ta narke. Gwajin NA50 a injin SPS na CERN ya ga raguwar, kuma tana cikin hujjojin da CERN ta kafa a Fabrairun 2000 da ta ce an ga alamun sabon yanayin abu. Hankali zai ce a LHC, inda zafi ya fi, raguwar za ta fi muni. Sai aka ga akasin haka: J/psi masu tafiya a hankali ba su ragu kamar na RHIC ba. Braun-Munzinger da Stachel sun hango wannan tun 2000. A karon dalma guda a LHC ana haifar tagwayen cam wajen ɗari. An raba kowane Hassan da Husaininsa, gaskiya ne, amma da taro ya zo watsewa, cam na wannan gida sai ya ci karo da antikam na wancan gida su ɗaure. Wannan ba zai yiwu ba sai in cam yana yawo a sake na tsawon femtomita da dama, don haka ni a wurina ita ce hujja mafi kaifi cewa ɗaurin kwak ya kwance da gaske. Botom bai da yawan da zai yi irin wannan sosai, shi ya sa dangin Ufsilon, wato botom da antibotom, suka fi nuna narkewar zalla. CMS ta ga suna narkewa bi da bi: mai sako-sakon ɗauri ya fi ɓacewa, mai ƙarfin ɗauri ya fi tsira.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara, domin a nan ɗalibai ke zamewa. Na'ura ba ta auna kwak, ƙwayar da ya zama take aunawa, kuma tsakanin biyun akwai mataki da har yau ba a iya lissafa shi daga tushe. An daɗe ana ɗauka cewa rabon cam tsakanin D0 da D mai caji da Lamda-c, wato ɗan'uwan furoton mai cam a ciki, abu ne tsayayye ko'ina, kamar yadda aka auna a karon ilektiron da kishiyarsa fozitiron, inda Lamda-c ke wajen ɗaya bisa goma na D0. Da ALICE ta auna a karon furoton da furoton, sai ta tarar da kusan rabi a wajen masu tafiya a hankali. A karon dalma da na zinariya kuma rabon yana ƙara hawa a matsakaicin gudu, alamar cam yana kamo kwak biyu daga cikin taron da ke kewaye da shi maimakon ya jira danƙo ya tsinke. Ma'anar wannan ita ce, in ka ƙirga D kaɗai ka ga ta ragu, wani ɓangare na raguwar ba asarar kuzari ba ne, cam ɗin ne ya sauya gida. Ita kuwa Lamda-c tafiyarta maikuromita 60 ce kacal, rabin ta D0, kamunta sai an sha wuya.

Wannan wuya ce ta sa ALICE ta cire tsohon silikon ɗinta a dogon hutun da LHC ya yi daga 2019, ta sa sabo mai hawa bakwai da ɗigon gani biliyan 12.5, na cikinsa milimita 23 kacal daga inda ake karo, tare da sauya tsarin karatu don ta iya ɗaukar karon dalma 50,000 a sakan guda. A Brookhaven ma sPHENIX, wadda ta fara aiki a 2023, botom da Ufsilon suna cikin manyan abubuwan da aka gina ta dominsu.

Akwai kuma gwajin tantancewa da ya kamata ka sani. Cibiyar dalma ko ba filasma tana iya sauya yawan cam, saboda guluwon da ke cikinta ba su rarrabu daidai da na furoton shi kaɗai ba. Don a ware wannan aka gwara furoton da dalma a 2013 da 2016, aka ga RAA na D yana kusa da 1, abin da ya tabbatar da cewa raguwar ninki biyar ɗin aikin filasma ce. Sai dai gwajin ya zo da nasa rikicin. A 2018 CMS ta duba karon furoton da dalma waɗanda suka fi fitar da ƙwayoyi da yawa, ta tarar D0 tana nuna irin kwararar nan ta ƙwallon dabino, a wurin da ba a ga an rage mata gudu ba. Wasu masana na cewa ɗan ɗigon filasma ne ya samu, ƙarami ƙwarai har bai isa ya rage gudu ba amma ya isa ya tura. Wasu na cewa tun daga yadda guluwon suka jeru kafin karo abin ya samo asali. In kana neman inda za ka sa hannu bayan digirinka, wannan gardama tana nan a buɗe.